Zan saya wa yarona jita a Riyad, me zan nema wajen mai shago kafin in biya?

Abban Sadiƙ, Riyad

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yarona ɗan shekara 15 ya matsa sai jita, irin ta katako wadda ba a jona mata wuta, malamin da zai koya masa kuma ya ce mu sayo tamu. Abin da na ware bai wuce riyal 800 ba. Na leƙa shaguna biyu. Na farko ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, in duba wadda ke rataye a bango, duk ɗaya ne. Na biyu ya buɗe, amma da na tambayi garanti sai ya ce "ai muna nan", bai ce zai rubuta komai ba. Ni ban san kan jita ba ko kaɗan. Me zan duba a jikinta? Wane aiki ne ya wajaba mai shago ya yi mata kafin in ɗauka? Ko kuwa in yi oda ta intanet in huta? Allah Ya saka.

Mai Gyaran Kayan Kiɗa, Jidda

Wa alaikumus salam Abban Sadiƙ. Shago na farko dai cire shi daga lissafi. Jita ba wayar hannu ba ce da za a ce duk ɗaya ne. Katako ne da gam, guda biyu masu lamba ɗaya daga kamfani ɗaya sai ka tarar wata tana da taushi a hannu, wata kamar wayar shanya. Wadda za ka kai gida ita za ka duba, in ba haka ba cinikin biri a sama ka yi.

Ba sai ka iya kiɗa ba. Ka tafi da katin banki guda huɗu, da farar takarda ta A4, da fitilar wayarka. Abu na farko ka ce a ɗaure tsirkiyoyin su kai sautinsu na daidai, wato E A D G B E, da na'urar saita sauti, ko ka sauke manhajarta a waya. Wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Jita mai sakakkun tsirkiyoyi tana ɓoye aibinta, domin sai an ja su duka shida nauyi kusan kilo 70 yake hawa kan wuya da fuska, a nan ne lanƙwasa da ɗagowa suke bayyana.

Daga nan sai tsayin tsirkiya daga wuya, wanda shi ne abin da ya fi sa yara su jefar da jita bayan mako biyu. Ƙarafan nan da ke gicciye a kan wuya, waɗanda masu shago ke kira firet, ƙirga su daga sama zuwa na 12, yawanci akwai ɗigo biyu a wurin. Kaurin katin banki milimita 0.76 ne. Haɗa uku, ka zura su tsakanin saman ƙarfe na 12 da tsirkiya mafi kauri. Idan sun shiga cif, kusan milimita 2.3 ke nan, madalla. Idan huɗu suka shige da sauran wuri, ta haura milimita 3, yatsun yaro za su ci wuya. A ɓangaren tsirkiya mafi siriri kati biyu ya kamata su shiga da ɗan sarari kaɗan, uku kuma su ƙi.

In ta yi tsayi, kada ka yanke hukunci tukun, dubi jaki. Jaki shi ne katakon da aka manna a fuskar jita inda tsirkiyoyi ke ƙarewa, kamar dai jakin garaya, a cikinsa kuma akwai farin ƙashi ko roba da suke hawa. Idan farin ya fito sama da jakin da milimita 3 ko fiye, akwai abin gogewa, gyaran na ɗan lokaci ne. Lissafinsa biyu da ɗaya ne: don a rage milimita 1 a ƙarfe na 12 sai an goge milimita 2 daga gindin ƙashin. Amma idan ƙashin ya riga ya nutse, da ƙyar ake hango shi, tsirkiya kuma tana nan a sama, to kusurwar wuyan ce ta tafi. Gyaran wannan sai an cire wuya an sake dasa shi, kuɗin aikin ya fi kuɗin jitar. Ajiye ta ka ce a kawo wata.

Sai takardar. Gwada zura gefenta ƙarƙashin jaki ta baya, wajen gindin jita. Bai kamata ta shige ba. In ta shige can ciki, gam ya fara saki, jakin yana hanyar ɗagowa, zafin Riyad kuwa zai ƙarasa shi.

Wuyan kansa ana so ya ɗan rusuna kaɗan, ba ya miƙe sak ba. Danna tsirkiya mai kauri a ƙarfe na 1 da hannu ɗaya, yaron ya danna a na 14, ka duba wajen na 7. Sararin da zai rage bai kamata ya wuce kaurin takarda biyu zuwa uku ba, wato milimita 0.2 zuwa 0.3. In babu sarari sam, za ta riƙa zizar nan mai ban haushi. In ya yi yawa, tsakiyar wuya za ta yi tauri. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake juyawa da makulli mai kusurwa shida, galibi ta cikin ramin fuska. Juyawa dama tana miƙar da wuya, hagu tana sassauta shi, kuma kwatan juyi ɗaya ake yi kowane karo, a jira, a sake aunawa. Ka tabbata makullin yana cikin kwalin.

Sauran na minti biyar ne. Bi da yatsa gefen wuya daga sama har ƙasa, in bakin ƙarafan yana karce ka, katakon ya bushe ya tsuke. Kaɗa kowace tsirkiya a kowane ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ko ba daɗi, kana sauraron zizar ko wurin da sauti ya mutu. Kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danna ta a na 12, na'urar ta nuna harafi ɗaya ba tare da allurar ta karkace sosai ba. Murɗa kunnuwan ɗaure tsirkiya guda shida, kada a sami wanda yake juyawa a banza kafin ya kama. Haska fitila a kaikaice a kan fuska don tsaga, musamman layin tsakiya daga jaki zuwa gindi. Ƙwanƙwasa fuskar a hankali da bayan yatsa, in ka ji wani abu yana kaɗawa a ciki, ɗaya daga cikin katakan da ke tokare ta ya saki.

Aikin mai shago kuwa shi ne saiti: daidaita wuya, goge ƙashi in da buƙata, sa sababbin tsirkiyoyi. Jitar da ke rataye ta sha hannaye da gumi, tsirkiyoyinta sun dusashe, ka nemi a canza su a cikin ciniki. Ga mai koyo ka ce a sa masu lambar kauri 10-47 ko 11-52, sun fi 12-53 sauƙin dannawa. A sa su kafin a yi saitin, ba bayansa ba, domin canza kauri yana canza rusunawar wuya. Tambaya guda da ke tona asirin shago ita ce: "wa ke yi muku saiti, kuma in na dawo bayan wata guda za a sake duba ta?" Shagon da ke da mai gyara zai nuna maka teburinsa nan take. Wanda ba shi da shi zai ce maka an riga an saita ta daga kamfani.

Hajiya Mai Lissafi, Makka

Malam mai gyara ya gama da katako, bari in taɓa takarda, don "ai muna nan" ba garanti ba ce.

Alhaji, ka karɓi fatura, wato rasit na na'ura, mai ɗauke da lambar QR da lambar haraji ta shagon. Tun Disambar 2021 aka wajabta wa masu rajistar haraji fitar da irinta, rasit na rubutun hannu ba ya tsaya maka. Ka duba a rubuta sunan kamfani da lambar samfurin, misali Yamaha F310, ba kalmar "gitar" kawai ba. Yawancin jitoci na kirki suna da lamba ta kansu, ko a takardar da ke cikin ramin fuska, ko a katakon da wuya ya shiga jiki, ko a bayan kai. A rubuta ita ma, ko da da biro ne a bayan faturar tare da hatimin shago. Ba tare da ita ba, ranar da ka dawo za a iya ce maka ba wannan suka sayar ba.

Farashin da aka liƙa ya ƙunshi harajin kashi 15, ba a ƙara shi a wajen biya. Haka nan ba a yi maka ƙari don ka biya da mada, wato katin banki na Saudiyya.

Batun mayarwa mutane suna cakuɗa abu biyu. Ma'aikatar Kasuwanci ta hana rubuta cewa kayan da aka saya ba a mayarwa ba a musanyawa, kuma in kaya yana da aibi ko ya saɓa da yadda aka siffanta shi kana da haƙƙi a kansa. Amma in lafiyarsa ƙalau, yaro ne kawai ya ce launin bai yi masa ba, to tsarin shagon ne ke aiki, wanda ya kamata su rubuta a inda kowa zai gani. Ɗauki hotonsa. Ka karanta ko kuɗi suke mayarwa ko musanya kawai, kwana nawa, kuma ko sai da kwali. Don haka kada a yar da kwalin da ledojinsa har sai kwanakin sun cika.

Intanet kuwa akwai dokar cinikin intanet ta 2019. Tana ba ka kwana 7 daga ranar da ka karɓi kaya ka fasa ciniki matuƙar ba ka yi amfani da shi ba, kuɗin mayarwar a kanka sai in sun ce sun ɗauka. In kuma suka jinkirta kawowa fiye da kwana 15 kana iya fasawa a dawo maka da kuɗinka. Wurin da ake samun gardama shi ne "amfani". Ɗaure tsirkiya a auna dubawa ce, amma in aka ɓare ledar da ke kan robar kariya ta fuska, ko aka goge ƙashi, ko aka karce ta, an ba su hujja. Ka ɗauki bidiyo tun daga yanka salatif ɗin kwali har ka juya ta gaba da baya, ba tare da yankewa ba, a ranar da aka kawo. Karyewar kai da tsagewar gefe a hanya suke faruwa, kuma in babu bidiyo sai mai sayarwa ya tura ka wajen masu kawowa, su kuma su turo ka wajensa.

In an ƙi sauraronka, kira 1900 ko ka shigar da ƙorafi a manhajar Balagh Tijari, da hoton fatura da na aibin. Abu na farko da za a nema faturar ce.

Ra'ayina, tunda ba ka san kanta ba, shago ya fi maka intanet ko da an ɗan fi tsada. In malamin yaron zai yarda ya raka ku, ko ku biya masa kuɗin darasi ɗaya, ya fi komai.

Bakatsinen Batha

Duk abin da aka faɗa haka ne, amma Malam mai gyara a Jidda yake, su laima ke damunsu, mu nan bushewa. Kuma a kan wannan ne ake yawan kai ruwa rana da masu shago, domin takardun garanti na kamfanonin jita galibi suna cire ɓarnar da zafi ko bushewa ko laima suka jawo. Jita ta tsage bayan wata biyu, ka koma, a ce maka ajiyarka ce.

Katakon jita yana son laimar iska tsakanin kashi 45 zuwa 55. Riyad da zafi takan sauka ƙasa da kashi 20, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma yana ƙara tsotse ta. Alamomin bi da bi suke zuwa: bakin ƙarafa ya fara karce hannu, fuska ta lotsa tsirkiya ta sauko ta fara ziza, daga ƙarshe tsaga. A Jidda akasin haka ne, fuska takan kumbura a bayan jaki, tsirkiya ta hau sama ta yi tsatsa da wuri. Saboda haka in ka shiga shago a Riyad ka tambaye su ko suna da na'urar ƙara laima a ɗakin. Jitar da ta shekara a bango gaban mukayyif ta riga ta jigata kafin ka biya. A nan ma wani lokaci ta cikin kwali ta fi ta bango lafiya, sharaɗin dai a buɗe a gabanka ka auna.

A nan ne zan saɓa da masu cewa dole sai mai fuskar katako guda. Gaskiya ne irin su Yamaha FG800 da Fender CD-60S, masu fuskar katako guda, sun fi daɗin sauti. Amma F310 da Cort AD810, masu fuskar katako hawa-hawa da aka manna, sun fi jure bushewa, domin zaren kowane hawa ya gicciye na ƙarƙashinsa, tsaga ba ta samun hanyar bi. Ga yaro ɗan 15 da zai jingine ta a bango ya manta, kuma a riyal 800, ita ce daidai. Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne a sayar maka da mai hawa-hawa da kuɗin ɗayar. Dubi bakin ramin fuska. In zaren katakon ya zarce daga sama ya gangara cikin kaurin bakin, guda ce. In ka ga layi-layi kamar wafa, manne ce. In takardar bayani ta ce "spruce", wato sunan katakon fuskar, kawai babu "solid" a gabansa, ɗauka manne ce.

Cikin kuɗin naka ka bar wani abu don ajiya. Jakar yadi ba ta riƙe laima sosai, akwati mai tauri shi ke riƙewa. Mafi araha, sami kwanon sabulu na roba mai murfi, huda murfin, jiƙa soso da tataccen ruwa irin na batir wanda ba shi da asid, matse shi har ya daina ɗiga, sa a akwatin wajen kai, a sake jiƙawa duk kwana uku zuwa huɗu. In da hali akwai fakitin daidaita laima na Boveda na kashi 49 ko Humidipak na D'Addario, su ba ruwanka da jiƙawa, in sun taurare ka canza. Ƙaramar na'urar auna laima ma ka jefa a ciki. Kuma ranar sayen, kada a bar ta a mota a shiga cin abinci. Motar da ke rana da azahar cikinta yakan wuce digiri 60, gam kuma a irin wannan zafin yake sakin jaki.

Abban Sadiƙ, Riyad

Allah Ya saka muku da alheri, na kwafe duka. Saura biyu. Mai shago na biyu ya nuna min wata mai tsirkiyar roba, ya ce ta fi wa yaro sauƙi, in ya iya sai a canza mata na ƙarfe. Haka ne? Sannan na ga ana tallar na hannu a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, da rabin kuɗi.

Mai Gyaran Kayan Kiɗa, Jidda

Rabin maganarsa gaskiya ce, rabin kuma zai halaka maka jita. Tsirkiyar nailan ta fi taushi a yatsa, babu musu. Amma irin wannan jitar, kamar Yamaha C40, an gina ta ne don jan da bai fi kilo 40 ba, tokaran cikinta sirara ne, da yawansu ma babu sandar ƙarfe a wuya. Ka ɗora mata na ƙarfe, jaki zai ɓalle ko wuya ya lanƙwashe. Mai shagon da ya ba da wannan shawarar kada ka bar shi ya taɓa saitin jitarka, ko da a wajensa ka saya.

Kuma kayan kiɗa biyu ne daban. Faɗin wuyan ta nailan a sama kusan milimita 52 ne, ta ƙarfe kusan 43, riƙonsu da sautinsu ba ɗaya ba. Ma'aunin katin da na ba ka ma na ta ƙarfe ne, ta nailan tsirkiyarta takan kai milimita 3 zuwa 4 kuma lafiyarta lau. Kira malamin ka tambaye shi wacce yake koyarwa da ita, amsar tana wajensa.

Ta hannu ba laifi in za ka gan ta ido da ido, amma ka san babu garanti, babu mayarwa. Kada ka tura arabun, wato kuɗin kafin alƙalami, kafin ka gani. Ka ce ya ɗaure ta daidai tun kafin ka iso, ka yi duk awon nan, ka ƙara uku: dubi ƙarafa uku na farko ko tsirkiya ta ci su ta yi kwari, dubi bayan wuya daidai inda kai ya fara ko akwai layin tsohuwar karaya da aka shafe da fenti, sannan a juya sandar wuya kaɗan a gabanka a mayar, don in ta cije ko bakinta ya lalace ba sauran saiti. In jitar daga Jidda ko Dammam aka kawo ta Riyad, bar ta a rufe cikin akwati da soson nan na mako guda kafin a kai ta saiti, in ba haka ba wuyan zai motsa bayan an gama, ka biya sau biyu.